Kwana 19 ina shan kafen rage ƙiba, na 20 a gadon asibiti na yi shi

Na daɗe ina son in rubuta wannan abun amma kunya ta hana ni, sai shekaranjiya da na ga wata yarinya 'yar kartiyenmu ta sa hoton irin kwalin kafen rage ƙiban nan a status tana cewa ita ma ta fara, gabana ya yanke ya faɗi, nace a'a wallahi shirun ya isa haka. Ni tela ce a nan Garwa ta Kamaru, shekarata 34, yarana uku, kuma abun da zan faɗa a kaina ya faru, ba labarin wance ba ne.

Bayan haihuwar autana jikina ya buɗe sosai, kun dai san zaman jego, kunun kanwa, gasasshen nama, ga sana'ar tamu ta zama ce daga safe har la'asar ina kan keke. Na kai kilo 94. Da a garin nan ai ƙiba ba abin kunya ba ce, mun taso muna ganin 'yan mata na shan sha-ka-fashe kafin biki dan su cika zani, iyayenmu ma in sun ga mace ta yi jiki sai suce mijinta na riƙonta da kyau. Yanzu kuma abun ya juya, kowa so take a ga ƙugunta. Ranar da aka kawo ankon bikin ƙanwata wata kwastoma ta dube ni tace "Anti anya turmi ɗaya zai ishe ki kuwa?" da wasa ta faɗa, shago ya ɗauki dariya, ni kuma na ɗauki maganar na tafi da ita gida na kwana da ita. Saura wata ɗaya da rabi biki.

A WhatsApp na ga tallar, wata mata ce da muke haɗuwa wajen biki da suna, kullum status ɗinta hotuna ne, mace ga ta nan tim a hagu, a dama kuma ta zama siririya, an rubuta 100% naturel da manyan baƙi, wai kilo 10 a wata ɗaya ba rejim ba wahala. Jaka 18 na tura mata ta waya, kafin magariba ɗan moto ya kawo min baƙar leda har ƙofar shago. Abu uku ne a ciki, kwalin kafe mai ƙananan sashe, robar kafso, da wani shayi na dare wai mai wanke ciki. Ba ta tambaye ni ko ina da tansiyo ba, ni ma ban faɗa ba, alhali Innarmu shekara da shekaru tana shan maganin hawan jini, kuma ni kaina a cikin autana an taɓa auna ni a awo aka ga 14/9, wato 140/90, aka ce ya ɗan hau in riƙa lura. Duk na ture wannan gefe saboda kalmar naturel ɗin nan, a tunanina abun da aka yi da ganye ai bai wuce zogale ko kuka ba.

Ta turo min voice tana koya min yadda ake sha, kafe da sassafe kafin ki sa komai a ciki, kafso da rana, shayi in za ki kwanta. Sannan ta ƙara wata magana wadda har yau in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi, tace "in kin ji zuciyarki na bugawa da ƙarfi kina zufa kar ki tsorata, kitsen ne ke narkewa." Wannan maganar ita ta kusa kashe ni, dan duk alamar da jikina ya nuna min daga baya na riga na samu fassararta tun kafin ta zo.

Kwana ukun farko gaskiya daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Ƙarfi kamar an sa min sabon batir, ɗinkin da nake yi a kwana biyu na gama shi a yini ɗaya, yunwa babu ita kwata-kwata, in zuba wa yara tuwo in zauna ina kallonsu ko sha'awa ba na yi. Bakina dai kullum a bushe kamar na ci gari, barci kuma sai wajen biyu ko uku na dare, ga shayin daren nan in ya motsa ka sau uku sau huɗu kana hanyar bayi kafin asuba. Da sati ya zagayo na hau sikelin yaran nan da ke yawo da shi a kasuwa, na ga kilo 3 sun tafi. Murna ta sa na mayar da kafson biyu a rana ba wanda ya ce min. Kuma ban daina shan shayin da ake dafawa a ƙofar shagon maƙwabcinmu ba, mai kaurin nan na farko, ban daina ɗan gutsurar goro ba, duk wannan a watan Afrilu, wanda ya san Garwa ya san me nake nufi, zafin da ke wuce 40 ka taɓa ƙarfen keke da rana ya ƙona ka.

A sati na biyu hannuna ya fara rawa. Ni da nake zura zare a allura ko a duhun magariba, sai ga shi in kai zaren bakin kafar ya kauce, in lasa in sake kaiwa ya kauce, har sai na kira yarinyar da ke koyon ɗinki a wajena ta zura min, nace mata idona ne. Sai kuma zuciyar. In na yi sujada ina jin bugunta har cikin kunnena, kuma ba bugu ɗaya take yi ba, kun san yadda keke ke yi in zare ya harɗe a ƙasa, ya yi gudu, ya ɗan tsaya cak, sannan ya fizga, to haka nake ji a ƙirjina. Na yi wa matar voice da dare ina magana ƙasa-ƙasa kar maigida ya ji, tace in ƙara shan ruwa, aiki yake yi, ita ma haka ya yi mata.

Rana ta 19 bayan azahar ina tsaye ina yanka atamfa a kan tebur, kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya. Sai na ji kamar an ɗora min turmin daka a ƙirji, numfashi ya ƙi shiga, zufa mai sanyi ta karyo min, kafaɗata ta hagu ta yi nauyi, almakashin ya suɓuce ya faɗi ban ma ji ƙararsa sosai ba dan kunnena ya toshe. Na zame na zauna a ƙasa cikin ƙyallaye ina salati, abun da ya zo min a rai kawai autana da ko yaye shi ban daɗe da yi ba. Maƙwabcinmu ne ya tare moto, aka sa ni a tsakiya yarinyar ta riƙe ni ta baya, haka muka isa asibiti, shi kuma ya kira maigida.

Toh ga yadda abun ya tafi a can, dan wanda bai taɓa shiga ba ya sani. An sayi karne, wato katin asibiti, aka shigar da ni irjans, ɗakin gaggawa, anfirmiye wato nas ya ɗaura min abun awon tansiyo ya duba, bai ce komai ba ya kwance ya mayar ɗaya hannun ya sake, sannan ya rubuta 17/11, bugun zuciya 138 a minti ɗaya ina kwance ba abun da nake yi. Na mutum mai lafiya in yana hutawa tsakanin 60 ne zuwa 100. Ya tambaye ni "Madam kina shan wani magani?" nace a'a. Dokta ya zo ya sake tambaya, lokacin maigida ya iso yana tsaye a kaina ko takalminsa ba iri ɗaya ba ne dan sauri, na sake cewa a'a. Sau biyu na yi ƙarya ina tsakanin rai da mutuwa saboda kar mijina ya san na kashe jaka 18 a kan maganin rama, wannan ƙaryar ita ce abun da na fi nadama a duk lamarin, dan likita da bakinka yake aiki, in ka ɓatar da shi kanka ka ɓatar.

Aka yi min elektro, wato awon da ke zana bugun zuciya a takarda. Ba zafi ko kaɗan, ana kwantar da kai a shafa wani abu mai sanyi, a maƙala wayoyi a wuyan hannu da idon sawu da kuma shida a ƙirji, ace kar ka motsa kar ka yi magana, cikin minti kaɗan takarda mai ƙananan gidaje ta fito da zane kamar haƙoran zarto. Aka ɗebi jini aka kai labo, aka sa min ƙarin ruwa. Dokta ya rubuta ordonans ya miƙa wa maigida yace ya je farmasi, yana fita sai ya jawo kujera ya zauna daidai kaina ya sassauta murya, ya juya harshe zuwa Fulatanci yadda muka saba a garin nan in ana son magana ta shiga, yace "Madam, mace mai shekara 34 ba ta zuwa min da irin wannan takardar haka kawai, ni ba alƙali ba ne, faɗa min abun da kike sha." Sai kuka ya ƙwace min, na faɗa masa komai. Aka tura yarinyar ta ɗauko ledar daga aljihun keke inda nake ɓoye ta.

Ya juya robar kafson ya haska ƙananan rubutun da fitilar wayarsa yana karanta min ɗaya bayan ɗaya. Kafeyin miligram 200 a kowane kafso. Yace babba mai lafiya ana cewa kar ya wuce miligram 400 a yini, ni kafso biyu kaɗai sun cike min wannan, ban da kafen safe, ban da shayi, ban da goro wanda shi ma kafeyin ne a cikinsa. Sai guarana, yace wannan wani ɗan itace ne na ƙasar Birazil, shi ma kafeyin ne aka sake masa suna. Sai citrus aurantium, wani irin lemo mai ɗaci da ake ciro sinefrin daga cikinsa, wanda ke iya tsuke jijiyoyin jini ya ɗaga tansiyo musamman in ya haɗu da kafeyin. Yadda ya kwatanta min ba zan manta ba, yace in kare ya biyo ki da gudu jikinki na sakin wani sinadari, zuciya ta yi sauri, jijiyoyi su tsuke, yunwa ta ɗauke, barci ya gudu, in kin tsira komai ya koma daidai. Waɗannan magungunan karen suke sakar miki dare da rana ba hutu, shi ya sa ba kya jin yunwa, ba wani kitse da ke narkewa.

Shayin daren kuma sena ne a ciki, filaskon da muka sani na wankin ciki. Da sakamakon jini ya fito potasiyom ɗina 3.0, alhali bai kamata ya sauka ƙasa da 3.5 ba, gudawar nan ta kowane dare da zufar Afrilu su suka kwashe shi, kuma shi wannan gishirin da shi zuciya ke daidaita bugunta. Wato ta gaba ana zaburar ta, ta baya ana janye mata abun da take tsayawa a kai. Tsallen nan da nake ji a sujada ga shi nan ɓaro-ɓaro a takardar, ya nuna min da bakin biro inda zanen ya fita daga layin 'yan uwansa.

Ya ƙara da cewa abun da aka rubuta ke nan, akwai kuma wanda ba a rubutawa. Hukumomin magani a Turai da Amurka sun sha gwada irin waɗannan kafe da shayi da kafso na rage ƙiba masu cewa ganye ne zalla, su tarar an ɓoye sibutramin a ciki. Shi sibutramin maganin asibiti ne na gaske da ake rubutawa da, aka janye shi a Turai da Amurka a 2010 bayan wani babban bincike a kan mutum wajen 10,000 masu haɗarin ciwon zuciya ya nuna yana ƙara haɗarin toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 16 cikin ɗari. Bushewar baki, rashin barci, saurin zuciya da hawan tansiyo duk sanannun alamominsa ne. Ya kuma ba ni labarin Mediator na Faransa, wanda aka yi ta sayarwa tun 1976 har 2009, sunansa maganin masu ciwon suga amma aka riƙa ba mutane dan kashe yunwa, ya lalata wa mutane da yawa ƙofofin cikin zuciya, ɗaruruwa suka mutu, sai da wata likita ta garin Brest, Irène Frachon, ta tsaya tsayin daka kafin a cire shi, kuma a 2021 kotu a Paris ta samu kamfanin Servier da laifi. Nace a raina, wannan fa maganin da ke da lasisi ne a ƙasar da ke da masu sa ido, ina ga ledar da ɗan moto ya miƙo min.

Kwana biyu na yi a kwance. An ba ni ƙwayar da ke rage gudun zuciya, an mayar min da potasiyom a hankali dan shi ma ba a zuba shi da gaggawa, ana auna ni safe da rana da dare. Daren farko ni na faɗa wa maigida da bakina kafin ya ji a wani wajen. Ya daɗe bai yi magana ba, can yace "Yanzu da kin tafi me zan ce wa yaran nan, in ce atamfa ce ta kashe uwarsu?" Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Bayan sati aka ba ni randebu na eko, wannan kamar awon ciki ne na masu juna biyu amma a ƙirji ake ɗora shi, kana kwance ta gefen hagu kana kallon zuciyarka a allo tana buɗewa tana rufewa. Alhamdulillahi ƙofofin lafiya lau, tsokar ma ba ta kumbura ba. Gado, analis, magani, elektro sau biyu da eko, abun da muka kashe ya ninka kuɗin ledar sau biyar ko fiye, kuɗin da muka tara na gudummawar bikin ne ya tafi.

Abun da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne satin da ya biyo bayan dainawa. Ciwon kai kamar ana sara min gatari kwana huɗu, barci ba dare ba rana, jiki ya mutu, zuciya ta yi baƙi ina kuka ba dalili, yunwa kuma ta dawo da ƙarfinta. Dokta yace jiki ne ke neman kafeyin ɗin da ya saba, zai wuce, kuma ya wuce. Kilo 5 ɗin da na sauke a kwana 19, huɗu sun dawo kafin sati uku, dan yawancinsu ruwa ne da ma. A kwanakin nan da nake kwance a gida na yi ta karance-karance a waya, na ci karo da labarin wani ɗan wasan besbol na Amurka, Steve Bechler, shekararsa 23, ya faɗi wajen atisaye a Florida a watan Fabrairun 2003 zafi ya buge shi ya mutu, aka gano yana shan maganin rage ƙiba mai efedra, wani tsiro mai zaburar da zuciya. A 2004 Amurka ta haramta efedra a irin waɗannan kayan, masu yi kuma suka koma kan lemon nan mai ɗaci da na gani a robata. Saurayi ɗan wasa mai likitoci a kusa da shi ke nan, na tuna ni a shago ba kuran ba fanka.

Tansiyona bai koma daidai gaba ɗaya ba, ashe da ma ina da gadonsa a kwance maganin ya taso shi, yanzu ƙwaya ɗaya nake sha kowace safiya, ina da ɗan littafi da nake rubuta awo duk sati, yana zama wajen 13/8. Na rage gishiri da dunƙulen miya, na rage sukari a kunu, makala ta koma ta ranar Juma'a kawai, ina cin wake da ayaba da ganye, kifin Lagdo in an samu. Bayan asuba ni da maƙwabciyata muna takawa wajen filin wasa na Roumdé Adjia kafin rana ta yi zafi, minti 30 zuwa 40. Wata biyar ke nan, kilo 6 suka sauka, a hankali, ina barcina, ina zura allurata da kaina. Bikin kuwa na je, na ɗinka ankon daidai jikina, turmi ɗaya ya isa har da ɗankwali.

Matar da ta sayar min na same ta har gida. Ban je da faɗa ba, dan na gane ita ma sha take, ita ma wani ne ya karanta mata maganar kitsen da ke narkewa ta haddace take maimaitawa. Na nuna mata takardar elektro, tace ai jiki ya bambanta, kowa da jininsa. Na roƙe ta ko ba za ta daina ba ta riƙa tambayar mutane tansiyonsu, ta daina ce musu bugun zuciya alamar aiki ce. Ta ce to, iyakar abun da na samu ke nan.

Yau da safe kafin in buɗe shago na shiga gidan su yarinyar nan ta status, na gaida mamanta nace "Yaya, aron 'yarki nake so minti biyar." Shekararta 22, bikinta bayan babbar sallah, kwananta takwas da farawa. Na zaunar da ita a bakin gado ta huta, na ɗora yatsuna biyu a wuyan hannunta ta ɓangaren babban yatsa yadda anfirmiye ya koya min, na kunna agogon waya muka ƙirga tare har minti ya cika, 112. Tafin hannunta jiƙe yake da zufa, na tambaye ta barci tace rabonta da na kirki tun ranar Talata. Kwalin yana cikin jakata yanzu haka, gobe ƙarfe bakwai ni da ita da mamanta za mu asibiti, kuma na ce mata duk abun da dokta ya tambaya ta faɗa tun a karon farko.